Darasin Kasuwanci a Jami'a: Cin Maki Daban, Iya Ciniki Daban

Tun 2006 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta umarci jami'o'in Najeriya su mayar da darasin kasuwanci da dogaro da kai wajibi ga kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko tarihi. A manhajar da hukumar ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, darasin hawa biyu ne: ENT 211 a aji biyu, inda ake koyon tushen fannin, sai ENT 312 a aji uku, inda ake son ɗalibi ya ƙirƙiro sana'a ya gwada ta.

Cin darasin ba wuya. Ɗaruruwan ɗalibai ake tarawa a zaure guda, haddar takardun lakca ta ishi mutum jarrabawa, tsarin kasuwancin da ake cewa kowane rukuni ya rubuto kuwa akwai irinsa a shagunan buga takardu na bakin makaranta, suna kawai za a sauya. A rukunin ma mutum ɗaya ko biyu ne ke aikin, sauran sai ranar miƙawa su bayyana. Don haka kafin a yi maganar halayen da ke kai ɗalibi ga nasara, sai an tantance wace nasarar ake nufi. Halayen da ke sa mutum ya fito ya iya juya kuɗi, kusan babu wanda takardar jarrabawa ke aunawa.

Babba a cikinsu shi ne rubuta lissafi kullum. A ɗauki ɗalibar da ke sayar da kunun aya a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta sayi aya da dabino da kwakwa, ta biya niƙa, ta sayi robobi da ƙanƙara. Da yamma ta ƙirga abin da ya shigo, ta cire kuɗin aya da dabino, ta kira sauran riba. Ba ta sa kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa ba, ba ta sa robobi ukun da suka yi tsami ranar da aka ɗauke wuta ba, balle biyun da ƙawaye suka sha da “zan turo miki anjima”. Cikin 'yan makonni sai ta ga tana ta ciniki amma uwar kuɗi na zagwanyewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, domin farashin da aka saro kaya jiya ba shi za a tarar gobe ba. Mai auna ribarsa da tsohon sari zai koma kasuwa ya ga kuɗin hannunsa ba za su cika masa buhun ba. Ƙaramin littafi na shiga da fita ne kawai ke tona wannan, kuma cika shi kowane dare ya fi rubuta tsarin kasuwanci mai shafi talatin wahala, saboda ba malamin da zai duba.

Bashi kuwa jarrabawa ce ta kunya. Ɗalibi yana sayar wa mutanen da yake kwana da su, yake sallah da su, kuma iya cewa “a yi haƙuri, sai da kuɗi” ba tare da an ɓata ba fasaha ce da sai an yi ta yi ake ƙwarewa.

Batun juriya ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana ɗaukarta a matsayin nacewa kan abu ɗaya ko da yana cin jari. Binciken da Saras Sarasvathy, malama a Jami'ar Virginia ta Amurka, ta wallafa a 2001 ya nuna gogaggun 'yan kasuwa ba daga hasashen riba suke farawa ba. Suna duba abin da ke hannunsu da mutanen da suka sani, su ware abin da za su iya jure asararsa, su gwada da shi. Ɗan kasuwar atamfa ta Kantin Kwari ba zai ga baƙon abu a nan ba: maigida ba ya danƙa wa yaron shago dila tun ranar farko, da 'yan turame yake gwada shi, shekaru na tafiya amana na ƙaruwa, har a kai ga sallama. A ganina juriyar da darasin ke buƙata ke nan: a yi ƙaramar faɗuwa, a tambayi masu saye dalilin da kaya suka yi kwantai, a gyara ko a sauya haja, a dawo da sauran jari.

Kalandar jami'a ma tana gwada mutum. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk sana'ar da masu sayenta ɗalibai ne zalla ta tsaya cak ranar da aka watse, wanda kuwa yake da kwastomomi a unguwa ko yake tallata kayansa ta WhatsApp yana da inda zai ci gaba da sayarwa. Wannan ma dalili ne da zai sa ɗalibi ya jinkirta rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da buga kwali mai ƙyalli, ya fara samun mutum goma a wajen makaranta da suka saya suka kuma dawo.