Wa Ya Karɓi Mabuɗin event-stream?

A ranar 26 ga Nuwamba 2018, kamfanin npm, mai riƙe da babban rumbun da masu rubuta manhaja da harshen JavaScript ke ɗebo kayan aiki, ya cire wata ƴar ƙaramar manhaja mai suna flatmap-stream, ya kuma karɓe ikon wata da ake kira event-stream. A lokacin ana sauke event-stream kusan sau miliyan 2 a kowane mako. Yawancin masu amfani da ita ba su ma san tana cikin aikinsu ba, domin wata manhaja ce ta jawo wata, waccan ta jawo ta. An gano cewa sama da wata guda tana ɗauke da tarkon sata, kuma wanda ya ɗana tarkon ba kutse ya yi ba. Mai ita ne ya miƙa masa mabuɗi da hannunsa.

Mai ita ɗin shi ne Dominic Tarr, mutumin New Zealand, wanda ya rubuta ɗaruruwan irin waɗannan ƙananan manhajoji ya bar su a buɗe kowa ya ɗauka kyauta. Ya daɗe da daina amfani da event-stream. Sai wani mai lakabin right9ctrl ya aiko masa da saƙo cewa yana son ya ci gaba da kula da ita. Tarr ya amince, ya ba shi ikon gyara rubutun a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajar, da ikon fitar da sabuwar siga a npm. A duniyar buɗaɗɗiyar manhaja wannan ba baƙon abu ba ne: wanda ya gaji ya sauke, mai ƙarfi ya ɗauka. Shi kansa Tarr ya bayyana daga baya cewa ya sha miƙa irin wannan iko ga wasu, kuma lafiya aka rabu.

Abin da ya biyo baya ya nuna mutum mai haƙuri. Da farko ƙananan gyare-gyare ya yi, irin waɗanda ba sa ɗaga wa kowa hankali. A ranar 9 ga Satumba 2018 ya fitar da siga ta 3.3.6, inda ya jingina event-stream da flatmap-stream, sabuwar manhaja da ba wanda ya san ta, kuma a ranar babu komai na cuta a cikinta. Bayan mako guda ya cire wannan jingina, ya fitar da siga ta 4.0.0 tsaf. Nan dabarar take. Duk wanda ya leƙa sabon rubutun zai ga komai daidai. Amma dubban ayyuka an saita su ne su riƙa ɗauko duk sabuwar sigar da ta fito a jerin 3, don haka 3.3.6 suka ci gaba da ɗauka. Sai ranar 5 ga Oktoba aka fitar da flatmap-stream 0.1.1, kuma a cikinta aka cusa gubar. Ba a sa ta a rubutun da ke GitHub inda mutane ke karantawa ba, sai a dunƙulen da aka matse aka ɗora a npm, wanda kwamfuta ke ɗauka amma da wuya ɗan Adam ya buɗe.

Kuskure ɗaya ne ya tona asirin. Ɓarawon ya yi amfani da wata tsohuwar hanyar warware rufaffen rubutu wadda Node.js, dandalin da ke gudanar da irin waɗannan manhajoji, ya riga ya fara gargaɗi a kanta cewa za a daina aiki da ita. Masu amfani da nodemon, wani sanannen kayan aiki, suka fara ganin wannan gargaɗi yana fitowa, alhali nodemon ba ta da wata harka da rufaffen rubutu. Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jihar California ta Amurka, Ayrton Sparling, ya bi sawu har ya isa flatmap-stream, ya kai rahoto ranar 20 ga Nuwamba. Tarr ya amsa cewa ko da yana so ba zai iya janye sigar ba, domin ikon npm ya bar hannunsa.

Sai dai an ga kulle, ba a ga mabuɗi ba. An rufe gubar da tsarin AES-256, kuma ba a ajiye kalmar buɗewa a cikinta ba. An tsara ta ne ta karanta ɗan taƙaitaccen bayanin da kowace manhaja ke rubutawa game da kanta, ta gwada shi a matsayin mabuɗi. In bai buɗe ba, ta yi shiru kamar ba ta nan. Wannan ya sa miliyoyin kwamfutoci suka ɗauke ta ba tare da ta motsa ba. Masu bincike suka tattaro bayanan ɗimbin manhajojin da ke npm, suka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya, har aka dace da wata gajeriyar jimlar Turanci da ke kwatanta Copay, lalitar ajiyar kuɗin Bitcoin ta kamfanin BitPay.

Da aka buɗe, komai ya fito fili. Gubar tana jira ne sai ma'aikatan Copay sun zo haɗa sigar da za a sakar wa jama'a, sannan ta shige cikin manhajar. A wayar mai kuɗi kuma, tana duba ko ajiyar ta haura Bitcoin 100 ko Bitcoin Cash 1,000. In ta haura, sai ta kwashe bayanan asusun da mabuɗan sirri ta aika wa wata kwamfuta a waje. BitPay ya tabbatar da cewa sigogin Copay daga 5.0.2 zuwa 5.1.0 sun kamu, ya fitar da 5.2.0, ya shawarci mutane su kwashe kuɗinsu zuwa sabuwar lalita.

Har yau ba a kama kowa da sunan right9ctrl ba, amma tsarin aikin ya faɗi abubuwa da yawa a kansa. Bai tsinci event-stream don sha'awa ba. Daga Copay ya faro, ya san yadda ake haɗa ta, ya bi jerin abubuwan da ta dogara da su yana neman wanda mai shi ya gaji. Ya nemi inda ƙofa ta fi rauni, ya tarar raunin ba a rubutu yake ba, a mutum yake.

A 2024 aka sake ganin irin wannan da XZ Utils, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara 2 yana taimaka wa Lasse Collin, wanda ke ɗauke da aikin kusan shi kaɗai, har ya samu ikon fitar da siga, ya dasa ƙofar baya a 5.6.0 da 5.6.1. Injiniya Andres Freund ne ya bankaɗo ta ranar 29 ga Maris, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa.

An zagi Tarr ƙwarai a makon da asirin event-stream ya tonu, kuma a ganina ba a yi masa adalci ba. Mutum ne da ya yi aiki kyauta, ya ce ya gama, ba wanda ya biya shi sisi don ya ci gaba da gadi. Alhakin ya fi nauyi a kan kamfanonin da ke gina harkar kuɗi a kan aikin sa kai ba tare da sun duba abin da ke shiga manhajarsu ba, da kuma rumbun da ya bari iko ya sauya hannu ba tare da masu dogaro da manhajar sun samu labari ba. Kai mai rubuta manhaja, ka ɗaure kowane abin da aikinka ya dogara da shi a kan sigar da ka bincika, kuma kafin ka sabunta, ka duba ko wanda ya fitar da ita yau shi ne wanda ya fitar da ita bara.