Daga Gashin Jimina Zuwa Kan Ungulu: Tarihin Tsuntsayen da Muka Rasa

Maƙalarmu ta wannan mako za ta fara da tambayar da kowa zai amsa wa kansa: yaushe rabonka da ganin ungulu a mahautar garinku?

Mu da muka tashi a Roni mun san lokacin da ba a yanka ran kasuwa sai unguloli sun yi layi a kan katanga suna jiran mahauta su tashi. Mun san shamuwa da ke saƙa sheƙarta a tsamiyar tsakiyar gari gab da faɗuwar damina, ba mai taɓa ta. Mun kuma san kanmu: yara da danko rataye a wuya, muna zagaya gindin duwatsu muna harbin kurciya da tsada da bainu. Wadda ta kai loma mu gasa, wadda ba ta kai ba mu yar. Yawancinmu ba yunwa ce ke fitar da mu ba, daɗin a ce wane gwanin saiti ne kawai.

Yau idan aka yi maganar hana kashe tsuntsu don nishaɗi, sai wasu su ce ai aƙidar Turawa ce, ta mutanen da suka ƙoshi. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, yana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malamai daga Kazaure har Gwiwa. A babin yanka da farauta ya raba farauta gida biyu: wadda ake yi don buƙata halal ce, wadda ake yi don wasa makaruhi ce. Kafin shi akwai labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, da ya iske samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada saiti a kansa. Da suka hango shi sai suka watse, shi kuma ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara. Ashe abin da muke yi da danko an yi masa hukunci tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

To, in haka ne, me ya cinye tsuntsayen? Farkon wadda za mu bi sawunta ita ce jimina. Tarihin Kano ya nuna cewa figini da takalmin gashin jimina sun shiga kayan sarauta ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Buƙatar fada ba ta da yawa, daji yana iya ɗaukarta. A ƙarni na 19 ne lissafin ya sauya, lokacin da matan Turai suka ɗauki yayin ƙawata huluna da gashin tsuntsu. Ayarin raƙuma suka riƙa kwasar gashin jimina daga Kano da Damagaram zuwa Tarabulus, daga can a tura Faransa da Ingila. Wanda ya san hanyar Kano zuwa Damagaram ta Kazaure da Daura ya san cewa wannan ciniki bai yi nisa da ƙofar gidanmu ba.

Gashin jiminar yankinmu ya yi suna har gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko da tawaga a 1911 ƙarƙashin Russell Thornton don neman irinta. Suka tattara jiminu kimanin 150 daga ƙasashen da ke arewa da Kano, suka kai su Legas, suka shiga jirgin ruwa da su, suka isa Cape Town a 1912. Shekara biyu bayan haka, a 1914, kasuwar gashin ta rushe. Yayi ya wuce, amma jimina ba ta dawo dajinmu ba. Yanzu a Nijar sai dai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a wurare irin su Kelle, cikin jihar Damagaram, da fatan wata rana a sake su.

A can inda ake sayen gashin ne gwagwarmaya ta tashi. A 1889 wata mata mai suna Emily Williamson ta tara mata a gidanta da ke Manchester, suka yi alkawarin daina sa gashin duk tsuntsun da aka kashe don ado. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne kisan dangin balbela, domin gashin da ake so yana fitowa ne lokacin ƙyanƙyasa, sai a harbe uwa a bar 'ya'ya su mutu a sheƙa. Sun ware jimina daga alkawarin, bisa hujjar cewa a gonakin kiwo ana yanke gashinta ba tare da an kashe ta ba. Wannan ƙungiya ce ta zama RSPB a 1904. An yi musu dariya, 'yan kasuwa sun yi ta tare ƙudurinsu a majalisa, sai a 1921 aka kafa dokar hana shigo da gashin tsuntsayen daji Ingila. Shekara 32 ke nan suna abu ɗaya.

Mu kuwa doka ta zo mana ne ta hannun masu mulkin mallaka. A 1900 ƙasashen Turai suka zauna a Landan suka tsara yarjejeniyar kare dabbobin Afirka, inda suka sa ungulu da mujiya da carki cikin jerin waɗanda ba a kashewa saboda amfaninsu. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji a Najeriya. Sai dai dokar ta ginu ne a kan lasisi. Baturen da ya biya kuɗi yana iya fita da bindiga ranar hutu ya harbi dinya da zabin daji don shan iska, maharbin ƙauye mai neman abin miya da tarko shi ne mai laifi. Hatta ƙungiyar kare namun daji da aka kafa a Landan a 1903 an yi mata laƙabi da mahauta masu tuba, saboda yawancin manyanta tsofaffin mafarauta ne. A nan aka samo tushen zargin da ake yi har gobe, cewa kare dabbobi harkar manya ce. Talaka ya ga doka ta hana shi ta bar mai kuɗi, don haka bai taɓa ɗaukarta tasa ba.

Bayan samun 'yanci, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da doka mai lamba 11 a 1985 kan cinikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A 1987 aka fara shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu, kuma RSPB ɗin nan tana cikin waɗanda suka kafa shi tare da gidauniyar NCF ta Najeriya. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. A 2008 aka sa dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma, a nan Jigawa, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Duk da haka gauraka, da a da ake jin kukanta a fadamunmu, ta kusa ɓacewa daga Najeriya, saboda kama ta da ake yi ana kai wa masu hali su ajiye a gida, ga kuma fadamun suna bushewa. A Nijar kuwa attajiran ƙasashen Larabawa sun daɗe suna zuwa da shahonsu da motocinsu suna farautar tuje don nishaɗi.

Ungulu ce ta zo ƙarshe. A 2015 hukumar IUCN ta sa irin ungulun da muka sani a mahauta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Babban abin da ke kashe ta a yankinmu shi ne guba da kuma cinikin kanta da sassan jikinta don tsibbu. Wanda yake ganin wannan ba asara ba ce ya dubi Indiya. A shekarun 1990 maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunsu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, har gwamnati ta hana bai wa dabbobi maganin a 2006. Aikin tsaftar da ungulu ke yi mana kyauta, ba mu da ma'aikatar da za ta yi shi.

Ina ruwan marubuci da duk wannan? Harshenmu cike yake da tsuntsaye. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, muna cewa an yi ungulu da kan zabo. Yaron da aka haifa bana a Babura zai iya girma yana faɗin waɗannan karin maganganu bai taɓa ganin mai sunan ba. Kalmar da abinta ya ɓace takan daɗe tana yawo a baki, daga baya ita ma ta bi shi.

Shawararmu ga kanmu ita ce mu je wurin tsofaffin maharba da Fulanin rugagen da ke kewaye da mu tun suna raye. Mu tambaye su wane tsuntsu ne ba a harbi kuma don me, wane wata ne ake ajiye tarko, a wace fadama suka yi wa gauraka ganin ƙarshe. Mu rubuta sunaye da wurare da shekaru kamar yadda suka faɗa. Idan kuma za mu sa yaro mai danko a labari, kada mu mai da shi mugu, domin mu ne shi. Mu nuna shi da tsadar a tafin hannunsa tana da sauran ɗumi, mu bar mai karatu ya yi hukunci.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya san wani tsuntsu da ya ɓace a garinsu ya kawo mana sunansa da labarinsa, mu haɗa. Allah ya yafe mana abin da muka yi a kan rashin sani, ya sa mu dace.