Tawayen Sawaba na 1964 da Yadda Aka Murƙushe Shi

Tawayen Sawaba shi ne yunƙurin da jam'iyyar Djibo Bakary ta yi na kifar da gwamnatin Diori Hamani da ƙarfin makami, daga ƙarshen daminar 1964 zuwa cikin 1965. Ya faɗo a tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da duniya ta rabu gida biyu tsakanin ƴan gurguzu da ƴan jari-hujja. A gabashin Turai talakawa ne suka tayar wa gwamnatocin kwaminis, kamar yadda aka gani a Hangari a watan Oktoba na 1956, inda tankokin Tarayyar Sobiyat suka shiga Budafes ranar 4 ga Nuwamba, aka kashe dubbai, mutane kusan 200,000 suka gudu. A Nijar abin ya zo a juye. Masu tawayen ne suka samu horo da makamai daga ƙasashen gurguzu, gwamnatin da ta danne su kuwa tana jingine da Faransa. Ƙarshen labarin dai bai bambanta sosai ba: harbi a bainar jama'a, gidajen kaso cike maƙil, da dogon shiru.

Asalin rikicin yana cikin jam'iyyar PPN, wadda aka kafa a 1946 ta zama reshen Nijar na RDA, ƙawancen jam'iyyun ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka. Djibo Bakary da Diori Hamani ƴan'uwa ne, dukansu mutanen Sudure da ke kusa da Yamai, dukansu malaman makaranta, kuma tare suka fara siyasa. Da shugabannin RDA suka raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a farkon shekarun 1950 don su sasanta da masu mulkin mallaka, Djibo ya ƙi bin su. Ya koma aikin ƙungiyoyin ƙwadago, sannan a 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN. Jama'a ba su damu da waɗannan haruffa na Faransanci ba. Kalmar da ake yi wa Djibo kirari da ita a wurin taro ce ta zama sunan jam'iyyar, wato sawaba, sauƙi bayan wahala. Kalmar ta riga ta zagaya ƙasar Hausa, domin da ita ƴan NEPU na Kano suka yi wa sanarwarsu ta 1950 suna. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta RDA kuwa giwa.

Ƙarfin jam'iyyar yana hannun mutanen da ke tsakanin ƙauye da birni: direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, teloli, mahauta, ƴan koli, leburori, ƙananan ma'aikatan gidan waya, da malaman allo. Mutane ne masu yawo, masu jin labari kafin kowa, kuma su ne suka fi jin zafin lanho, wato haraji, da wulaƙancin dogarai. Ta bakinsu saƙon ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni da Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram. Ƙasar Madawa tana zaune ne a kan wannan hanya, ga iyakar Najeriya a kudancinta, ga duwatsun Adar na Buza da Keita a arewa, inda ci-rani ya daɗe da zama abincin gida. Saurayin da ya yi rani a Kano ko a Kumasi ya dawo ya ga yadda ake siyasa a can, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da ake nufi da talaka da mai sarauta ba.

Daga Madawa ne jam'iyyar ta samu ɗaya daga cikin jiga-jiganta mafi taurin kai, Usman Ɗan Galadima, wanda ya riƙe muƙamin mataimakin babban sakatare, daga baya kuma ya zama mai tsara ɓangaren yaƙi. Sunansa kaɗai ya nuna gidan sarauta ya fito, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Sawaba. Da yawan masu adawa da sarakunan kanton ƴaƴan gidajen ne da suka san cikin lamarin.

A 1956 Djibo ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna ke mara wa baya, ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen watan Maris na 1957 ƙawancen ya lashe kujeru 41 cikin 60, Djibo ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko a Nijar. Auren dole ne tsakanin talakawa da masu rawani, bai kuma daɗe ba. Gwamnatin ta tuɓe wasu sarakuna, sauran suka sha jinin jikinsu. Da Janar de Gaulle na Faransa ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958, Sawaba ta ce a kaɗa "A'a", a karɓi ƴancin kai nan take, kamar yadda Sekou Toure ya nema a Gine. Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, ga yaƙin Aljeriya na ci a arewacinta. Ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya ƙwace ragamar mulki daga hannun ministoci, ya jawo sarakuna, ya baza sojoji cikin ƙauyuka. Dubban mutane suka tsallaka Najeriya don tsoro. Sakamakon da aka bayyana ya ba "I" kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Djibo ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa, Diori ya hau a watan Disamba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya haifi tawayen. A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba, Nijar ta shiga ƴancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960 da jam'iyya guda tilo. Mulki ya tattaru a hannun mutum uku: Diori, da Bubu Hama shugaban majalisa, da Diamballa Yansambou Maiga ministan cikin gida. Wanda aka sani da raƙumi sai ya rasa aiki, ko a kama shi, ko a tilasta masa ya tuba a gaban taro. Djibo ya yi hijira zuwa Bamako, daga nan ya koma Akara ƙarƙashin inuwar Kwame Nkrumah. An toshe ƙofar zaɓe gaba ɗaya, kuma wannan ne babban laifin gwamnatin a duk labarin, domin jam'iyyar da ta ci zaɓe shekara biyu kafin haramcin ba ta da sauran hanyar magana sai ta ɓoye.

Ta ɓoyen kuwa aka bi. An riƙa fitar da samari ta Kano, inda ƴan NEPU na Malam Aminu Kano ke ba su masauki, ko ta Gao, ko ta Tamanrasset. Wasu aka tura su karatu Tarayyar Sobiyat da Jamus ta Gabas da sauran ƙasashen gabashin Turai, suka dawo likitoci da injiniyoyi. Wasu aka tura su koyon yaƙin sunƙuru a Nankin ta ƙasar Sin, da Biyetnam ta Arewa, da Aljeriya, da sansanonin Ghana. Usman Ɗan Galadima yana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki, yana kai da komowa tsakanin arewacin Afirka da Asiya da Akara. Shugabannin sun karanta littattafan gurguzu, sun kuma ɗauki darasin Mao cewa manoma ne ruwan da ɗan tawaye ke iyo a ciki. Amma mafi yawan mayaƙan musulmi ne masu salla da laya a damtse, kuma abin da ya fitar da su daga gida shi ne haraji da zalunci da kujerar da suke ganin an ƙwace musu a 1958.

Alamun rauni a gwamnatin sun ƙara musu ƙwarin gwiwa. A watan Disamba na 1963 wani kyaftin, Hassan Diallo, ya yi bore a barikin Yamai. A lokaci guda Nijar ta shiga taƙaddama da Dahomey a kan tsibirin Lete. Cikin 1964 kuma aka kama mutane bayan wani taro a Jiratawa kusa da Maraɗi, aka cusa su a ɗaki guda, da yawa suka mutu saboda rashin iska. Shugabannin Sawaba da ke waje suka ɗauka ƙasa ta nuna, saura girgiza.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba na 1964 ƙananan rundunoni suka fara shigowa. Gaba ɗayansu ƴan ɗaruruwa ne, an kasa su rukuni-rukuni a tsawon iyakar kudu da yamma, tun daga yankin Tera da bakin kogin Kwara, zuwa Gaya, Ƙonni, Madarumfa, Matamaye, har Boso a bakin tafkin Chadi. Shirin shi ne su kai hari kan ofisoshin kwastan da na gwamnati, su ƙwaci makamai, su haɗu da magoya bayan da ke ciki, jama'a kuma su tashi. Jama'a ba su tashi ba. An riga an kama yawancin waɗanda za su tarbe su, asirin shirin ya isa kunnen gwamnati tun kafin su taka ƙasa, lokacin kuma kaka ce, manomi na kan gerensa. Baƙon fuska a ƙauye ba ya ɓoyuwa kwana biyu.

A yankin Ƙonni, maƙwabciyar Madawa ta yamma, aka yi ɗaya daga cikin arangamar da ta fi yin suna. Dandouna Abubakar, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago da ke jagorantar rukunin wannan yanki, ya gamu da ajalinsa a farkon Oktoba a wajen Dibisu. Aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili don kowa ya gani. A tsakiyar watan aka harbe mayaƙa huɗu a gaban dubban ƴan kallo, bayan hukuncin kotun tsaron ƙasa ta musamman.

Murƙushewar ba aikin soja kaɗai ba ce. Rundunar sojan Nijar ƙarama ce a lokacin, shekararta uku da kafuwa. Gwamnati ta haɗa ta da jandarmomi da masu gadin jamhuriya da ƴan bangar jam'iyya, ga mashawartan Faransa a ofisoshin tsaro. Sannan aka umarci sarakunan kanton da masu gari su fito da mutanensu da kwari da baka da masu da sanduna, a bi daji sawu-sawu. Wannan ne ɓangaren da ya fi barin tabo, domin an mayar da maƙwabci mai farautar maƙwabcinsa. Garin da aka samu ɗan tawaye ya kwana a cikinsa yana iya shan ukuba gaba ɗaya, saboda haka mutane da yawa suka miƙa baƙo don su tsira da iyalinsu, wasu kuma suka samu damar rama tsohuwar gaba ta gona ko ta sarauta da kalma guda: ɗan Sawaba ne. A ƙetaren iyaka ma babu mafaka, gwamnatin NPC ta Sardauna a arewacin Najeriya tana kallon Sawaba da idon da take kallon NEPU, tana kama su tana miƙa wa Yamai.

Kafin shekara ta ƙare an karya lagon rundunonin. Sauran numfashin ya fito ranar 13 ga Afrilu, 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, inda wani ɗan Sawaba, Amadu Diop, ya jefa gurneti wajen da Diori yake. Shugaban ya tsira, wani yaro ya mutu, wasu suka ji rauni. Jefa makami cikin sahun masallata ya zubar da mutuncin tawayen a idon mutane da yawa, ya kuma ba gwamnati hujjar sabon kame. Aka cika sansanin Bano na Yamai da gidajen kaso na Tawa da Agadas da Bilma. An azabtar da fursunoni, wasu manyan jam'iyyar sun mutu a tsare ba tare da an gurfanar da su ba. Nijar da ƙawayenta suka ƙaurace wa taron ƙungiyar haɗin kan Afirka na Akara a watan Oktoba na 1965, don nuna fushi da Nkrumah. Da sojoji suka kifar da shi ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sansanonin Ghana suka rufe, Djibo ya koma Gine. Usman Ɗan Galadima ya ci gaba da ɓuya a Najeriya har 1967, aka kama shi aka miƙa shi ga hukumomin Nijar.

Masu nazarin tarihin sun fi ɗora alhakin faɗuwar a kan lissafin shugabannin. Sun auna farin jinin 1957 suka ɗauka yana nan yadda suka bar shi, alhali shekara shida na tsoro sun shiga tsakani. Sun watsa ƴan mutane kaɗan a iyaka mai tsawon fiye da kilomita 1,500, babu hanyar sadarwa mai ƙarfi, babu dajin ɓuya irin na Biyetnam. Samarin da suka biya kuɗin wannan kuskure da rayukansu yawancinsu ƴaƴan talakawa ne.

Diori ya saki wasu fursunonin a farkon shekarun 1970. Sauran sai da Laftanar Kanar Seyni Kunce ya yi juyin mulki ranar 15 ga Afrilu, 1974, a tsakiyar yunwar fari, sannan suka fito. A shekarar ce kuma Nijar ta ƙulla hulɗa da gwamnatin kwaminis ta Sin, wadda ta horar da ƴan tawayen shekara goma kafin haka. Djibo Bakary ya dawo gida, amma a 1975 aka sake tsare shi bisa zargin makirci, bai samu cikakken ƴanci ba sai 1984. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 da sunan Sawaba, ya samu ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu, 1998. Abdullahi Mamani, ɗan jam'iyyar da ya yi zaman hijira a Aljeriya, ya koma rubutu, ya fitar da littafin Sarauniya a 1980. Usman Ɗan Galadima kuwa ya koma Madawa ya zauna, kuma a can masu binciken tarihi suka riƙa samunsa a farkon shekarun 2000 suna ɗaukar labarin daga bakinsa.