Jeranta fina-finan James Bond

Jeranta fina-finan James Bond al'ada ce ta masoya fim da masu sharhi, inda suke tsara fina-finan ɗan leƙen asirin Birtaniya mai lamba 007 tun daga wanda suke ganin ya fi kyau har zuwa wanda ya fi rauni. Kamfanin Eon Productions ya shirya fina-finai 25 daga shekarar 1962 zuwa 2021, kuma 'yan wasa shida ne suka fito a matsayin Bond a cikinsu. Jaridu da mujallu da ƙungiyoyin masoya sukan sake jerin duk lokacin da sabon fim ya fito. Akwai fina-finan da kusan kullum ke sahun gaba, kamar Goldfinger da From Russia with Love da Casino Royale da Skyfall, amma babu jeri ɗaya da kowa ya amince da shi. Babban dalili shi ne kan masu kallo ya rabu tun da farko a kan abin da ya kamata fim ɗin Bond ya kasance: labarin leƙen asiri mai kama da gaske, ko kuwa nishaɗi mai cike da raha da na'urorin ban mamaki.

## Asali

Marubuci Ian Fleming (1908–1964) ne ya ƙirƙiro James Bond. Fleming ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojojin ruwan Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Littafinsa na farko, Casino Royale, ya fito a shekarar 1953, kuma jimillar littattafan Bond da ya rubuta 14 ne. Ya aro sunan jarumin ne daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye mai suna James Bond.

A shekarar 1961 Albert R. Broccoli da Harry Saltzman suka kafa kamfanin Eon. Fim ɗinsu na farko, Dr. No, ya fito a shekarar 1962, an kuma kashe masa kimanin dala miliyan 1. Riba mai yawa da ya kawo ita ta buɗe hanyar sauran.

## Fina-finan da 'yan wasan

- Sean Connery: Dr. No (1962), From Russia with Love (1963), Goldfinger (1964), Thunderball (1965), You Only Live Twice (1967), Diamonds Are Forever (1971)
- George Lazenby: On Her Majesty's Secret Service (1969)
- Roger Moore: Live and Let Die (1973), The Man with the Golden Gun (1974), The Spy Who Loved Me (1977), Moonraker (1979), For Your Eyes Only (1981), Octopussy (1983), A View to a Kill (1985)
- Timothy Dalton: The Living Daylights (1987), Licence to Kill (1989)
- Pierce Brosnan: GoldenEye (1995), Tomorrow Never Dies (1997), The World Is Not Enough (1999), Die Another Day (2002)
- Daniel Craig: Casino Royale (2006), Quantum of Solace (2008), Skyfall (2012), Spectre (2015), No Time to Die (2021)

Akwai fina-finai biyu da ba Eon ne ya shirya su ba: Casino Royale na shekarar 1967, wanda na barkwanci ne, da Never Say Never Again na 1983, wanda Connery ya dawo a cikinsa. Masu jeri da yawa ba sa lissafa waɗannan biyun.

## Ma'aunan da ake bi

Ma'aunai uku ne aka fi amfani da su, kuma kowanne yana ba da amsa daban.

Na farko shi ne ra'ayin ƙwararrun masu sharhi. A shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara sharhin 'yan jarida, Goldfinger ne a sama da kashi 99 cikin 100, yayin da A View to a Kill ke ƙasa da kashi 40. A shekarar 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta fitar da jerin fina-finan ƙasar 100 mafiya kyau na ƙarni na 20, inda Dr. No ya zo na 41, Goldfinger kuma na 70.

Na biyu shi ne ƙuri'ar masu kallo. A shafin IMDb, inda kowa ke iya ba da maki, Casino Royale na 2006 ne ke gaba da maki kusan 8 cikin 10, sai Skyfall, sannan Goldfinger.

Na uku shi ne kasuwa. Skyfall ya tara fiye da dala biliyan 1.1 a duniya, kuma shi kaɗai ne ya haura biliyan ɗaya. Idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, Thunderball da Goldfinger suna shiga sahun farko tare da shi. Sai dai kasuwa ba ta cika tafiya tare da yabo ba. Moonraker ya riƙe kambun ciniki tun daga 1979 har zuwa fitowar GoldenEye a 1995, amma sau da yawa a ƙasa ake ajiye shi.

Bayan waɗannan, masoya sukan yi ƙananan jeri a kan mugun fim, da waƙar buɗewa, da mota, da jarumar fim, da kuma fitowar farko da ke zuwa kafin a rubuta sunaye.

## Waɗanda ke sahun gaba

Ana yabon From Russia with Love saboda shi ne mafi kusa da leƙen asirin zamanin Yaƙin Cacar Baka. Labarinsa na gudana a Istanbul da cikin jirgin ƙasa, kuma faɗan da Bond ya yi da Red Grant a cikin tarago na daga cikin wuraren da aka fi ambato. Connery da kansa ya ce shi ne ya fi so a cikin nasa.

Goldfinger, wanda Guy Hamilton ya ba da umarni, shi ya kafa tsarin da sauran suka bi: motar Aston Martin DB5 mai ɓoyayyun makamai, attajirin mugu mai ƙaton shiri, yaronsa Oddjob mai hular kisa, da waƙar Shirley Bassey. Shi ne fim ɗin Bond na farko da ya ci kyautar Oscar.

Casino Royale ya koma kan littafin farko na Fleming, ya nuna Bond a farkon aikinsa, yana kuskure, yana jin ciwo, yana kuma faɗawa soyayya da Vesper Lynd, wadda Eva Green ta fito a matsayinta. Skyfall, wanda Sam Mendes ya ba da umarni, ya fito a daidai cikar jerin shekara 50. Ya ci Oscar biyu, ɗaya saboda waƙar Adele, kuma a cikinsa ne M, wadda Judi Dench ke fitowa a matsayinta tun 1995, ta mutu.

A cikin fina-finan Moore, The Spy Who Loved Me ne aka fi ɗagawa. A na Brosnan kuwa GoldenEye ne, wanda wasan bidiyonsa na Nintendo 64 da ya fito a 1997 ya ƙara masa farin jini a wajen matasa.

## Waɗanda darajarsu ta sauya

On Her Majesty's Secret Service shi ne babban misalin yadda ra'ayi ke juyawa. Lazenby, ɗan ƙasar Ostireliya, mai fitowa a tallace-tallace ne da bai taɓa jan fim ba, kuma ya ajiye aikin tun kafin fim ɗin ya fito. Labarin ya ƙare da baƙin ciki: Bond ya auri Tracy, wadda Diana Rigg ta fito a matsayinta, aka harbe ta a ranar bikin. Cinikinsa bai kai na You Only Live Twice ba, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin tuntuɓe. Daga baya aka sake dubansa. A shekarar 2012 ya zo na ɗaya a ƙuri'ar da mujallar 007 Magazine ta gudanar tsakanin masoya, inda Goldfinger ya zo na biyu, From Russia with Love na uku. Daraktoci irin su Christopher Nolan da Steven Soderbergh sun yabe shi a fili, kuma No Time to Die ya sake amfani da waƙar da Louis Armstrong ya rera a cikinsa.

Haka abin ya faru da Dalton. Ya fito da Bond mai tsanani, maras yawan raha, kamar na cikin littattafai. Licence to Kill bai yi kasuwa sosai a Amurka ba, kuma bayansa aka yi shekara shida babu fim saboda rikicin shari'a tsakanin kamfanoni. Bayan da salon Craig ya samu karɓuwa, masoya da yawa suka fara cewa Dalton ya riga zamaninsa ne kawai.

## Waɗanda ke ƙasa

Die Another Day na yawan zuwa a ƙarshe saboda motar da ke ɓacewa daga gani da hotunan kwamfuta da ba su gamsar ba, duk da cewa ya fi sauran na Brosnan ciniki. Ana sukar A View to a Kill saboda Moore na da shekara 57 lokacin da aka ɗauke shi, ko da yake ana yabon Christopher Walken da Grace Jones a ɓangaren miyagu. Moonraker ya kai Bond sararin samaniya don bin yayin Star Wars na 1977, abin da wasu ke ganin wuce gona da iri ne. Quantum of Solace, mafi gajarta da minti 106, an fara ɗaukarsa labarin bai gama nuna ba, sakamakon yajin aikin marubutan fim na Amurka na 2007 zuwa 2008. Diamonds Are Forever da The Man with the Golden Gun su ma ba sa yin nisa da ƙasa.

## Muhawara kan jarumi

A watan Agustan 2020 mujallar Radio Times ta gudanar da ƙuri'a da mutane fiye da 14,000 suka shiga. A zagayen ƙarshe Connery ya samu kashi 44, Dalton kashi 32, Brosnan kashi 23. Connery ya rasu a watan Oktoban shekarar.

Kowane sabon jarumi yakan fuskanci turjiya. Da aka sanar da Craig a watan Oktoban 2005, wasu masoya sun yi kamfen na ƙaurace wa fim ɗin, suna cewa launin gashinsa da tsayinsa ba su dace da Bond ba. Surutun ya lafa bayan fitowar Casino Royale. An kuma lura cewa mai kallo yakan fifita jarumin da ya fara gani yana yaro, shi ya sa shekarun masu ƙuri'a ke tasiri a kan sakamako.

## Dalilin saɓanin

Tarihin jerin kansa kai-komo ne tsakanin salo biyu. Duk lokacin da wani fim ya zurfafa a abin da hankali ba zai ɗauka ba, sai furodusoshi su ja linzami su koma ga littattafan Fleming. Bayan sansanin da ke cikin dutse mai aman wuta a You Only Live Twice, sai On Her Majesty's Secret Service ya biyo. Bayan Moonraker sai For Your Eyes Only. Bayan Die Another Day sai Casino Royale. Wannan ya sa kowane ɓangare na masoya ke da fina-finan da yake kafa hujja da su, kuma na ɗayan wani yakan zama na goma sha biyar a wajen wani.

Sauyin zamani ma na taka rawa. Yadda tsofaffin fina-finan suka nuna mata, da shigar Bajapane da aka yi wa Bond a You Only Live Twice, da yadda Live and Let Die ya nuna baƙar fata, duk suna rage musu daraja a idon wasu masu kallo na yau. A shekarar 2023 an sake buga littattafan Fleming bayan an cire wasu kalmomin wariyar launin fata. Ƙarshen No Time to Die, inda Bond ya mutu a karon farko, shi ma ya jawo ce-ce-ku-ce: wasu na ganin rufewa ce da ta dace da zamanin Craig, wasu kuma na ganin an karya ƙa'idar jerin.

## Afirka da Indiya a cikin jerin

An ɗauki wasu sassan The Spy Who Loved Me a Masar, a dalar Giza da Karnak da Abu Simbel. The Living Daylights da Spectre sun yi ɗauka a Maroko, ciki har da birnin Tanja. Labarin Diamonds Are Forever ya taso ne daga fasa-ƙwaurin lu'ulu'u na Afirka ta Kudu. A Casino Royale an nuna Mbale ta Yuganda da Madagaska, amma tseren Madagaska a tsibiran Bahamas aka ɗauke shi. Ɗan wasan Kwaddibuwa Isaach de Bankolé ya fito a fim ɗin a matsayin madugun 'yan tawaye. Octopussy kuwa an ɗauki babban sashensa a Udaipur ta Indiya, tare da Kabir Bedi a ɓangaren miyagu.

## Halin da ake ciki

Kamfanin Amazon ya sayi MGM, abokin hulɗar Eon, a shekarar 2022 kan kimanin dala biliyan 8.5. A watan Fabrairun 2025 Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, waɗanda suka gaji Albert R. Broccoli, suka miƙa ragamar shirya fina-finan ga Amazon MGM Studios. A watan Yunin shekarar aka sanar da Denis Villeneuve a matsayin daraktan fim na 26. Wannan ne zai zama na farko a jerin da iyalan Broccoli ba su ke riƙe da akalarsa ba.