Fadar Sarkin Damagaram: gidan ƙasa mai tarihi

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa zuwa Damagaram? In ka je, shiga unguwar Birni. Can za ka ga fadar Sarki, da dogarai a bakin ƙofa cikin riguna ja da kore. Yau labarin wannan gida za mu ba ka.

An gina fadar wajen shekara ta 1850. Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 30. Shi ne ya kewaye garin da babbar ganuwa. Ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus, fatake na zuwa daga Kano da Barno. Turawan Faransa sun ci garin a 1899. Damagaram ta zama babban birnin ƙasa har 1926, sa'ad da aka mai da mulki Yamai. Duk wannan ya wuce, fada tana nan tsaye.

To, da me magina na dā suke yin irin wannan gini? Da ƙasa, irin wadda ka sani. Su kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, su tattake, su bar ta ta kwana biyu. Sannan su mulmula tubali da hannu, su shanya a rana. Bango yakan yi kauri daga ƙasa, ya rage kauri in ya yi sama. Shi ya sa ba ya faɗuwa da sauri. Kaurin nan ne kuma ke sa ɗaki sanyi da bazara, da ɗumi lokacin ɗari.

Rufi kuwa da azara ake yi, wato giginyar da aka tsaga. Gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in ɗaki ya yi faɗi da yawa. Sai magina suka yi dabara: su jera azara, su ɗaure, su lanƙwasa ta daga bango zuwa bango. Wannan shi ne bakan gizo. Da shi ake samun babban soro inda jama'a za su zauna. A sama akwai zanko, da indararo mai zubar da ruwa nesa da bango. Ruwan makuba, daga ɓawon ɗorawa, shi ke ƙara wa yaɓe ƙarfi.

A 2006 ƙasar Nijar ta sa Birni da fadar cikin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a kayan tarihin duniya. Amma suna a takarda ba ya tare ruwan sama. A watan Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Shi ma ginin ƙasa ne, kuma tsaran fadar ne.

Kai ma kana da ɗakin ƙasa. Kafin damina, hau ka duba rufi. Toshe tsaga, gyara indararo, sabunta yaɓe. In akwai tsohon magini a garinku, tura yaro ya koyi aikin wurinsa tun yana da rai. Ginin ƙasa yana daɗewa in masu shi ba su yi sakaci ba.