Kaska da cututtukan jinin shanu a kan iyakar Jibiya

A kowace Lahadi kasuwar Jibiya kan cika da shanun da suka ratso daga yankin Maraɗi ta Ɗan Isa da Magama. Masu saye kan duba ƙiba da haƙori da ƙaho, amma ido ba ya ganin ƙwayoyin cutar da kaska ke zubawa a jinin dabba.

Mafi shahara ita ce Babesiya, wadda Victor Babes ya gano a Romaniya a 1888. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa ta. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, sai saniya ta yi zazzaɓi, dasashinta ya koɗe, fitsarinta ya koma ja kamar jini. Anaplasma kuwa kan kawo rama da shawara, amma fitsari ba ya yin ja. Akwai kuma Teleriya, wadda nau'inta na Afirka ta Yamma bai cika kisa ba. Makiyaya kan ɗauki wasu alamomin a matsayin sammore, alhali shi ƙudan tsando ne ke kawo shi. Gwajin jini ne ke raba gardama.

Shanun gida irin Bunaji da Rahaji sukan kamu tun suna maruƙa, lokacin da jikinsu ke iya jurewa, sai su samu kariya. Daga nan ƙwayar kan zauna a jininsu ba tare da sun kwanta ba. Doguwar tafiya a burtali, ko yunwar bazara, ko ciki, kan raunana dabba har ciwon ya fito fili, musamman da faɗuwar damina da kaska ke yawaita. Haɗarin ya fi tsanani ga shanun madara na ƙasashen waje da barbaren yanyawansu, waɗanda kan mutu cikin 'yan kwanaki. Saboda haka sa mai ƙoshin lafiya da aka saya a kasuwa na iya zama sanadin asarar garke.

Likitocin dabbobi kan yi allurar diminazin ko imidokab don Babesiya, da oksitetarasaikilin don Anaplasma. Sukan shawarci makiyaya su rage kaska da feshi ko wanka, ba sai sun kawar da ita ƙaf ba, domin maraƙin da bai taɓa haɗuwa da ita ba kan tashi ba kariya. Tsarma magani fiye da ƙima kuma na sa kaska ta daina jin sa.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta tanadi takardar shaidar lafiya ga garken da zai tsallaka iyaka, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da ya fi kusa da hannun mai saye shi ne ya killace sabuwar dabba, ya yi mata feshi, kafin ya haɗa ta da garke.