Ko-in-kula, Ba-ruwanmu da Adalci: Tarihin Wasu Kalmomin Turanci da Matsalar Koyar da Fassararsu

Daga cikin kalmomin da kan rikita ɗalibin fassara akwai *uninterested*, *disinterested*, *neutral* da *impartial*. Ɗalibin da ke nazarin Hausa a Kwantagora, wanda sau da yawa Kambarci ko Dukanci ne harshensa na gida, yana iya tattara su duka ya fassara da "ba ruwansa". Hakan kuskure ne, amma kuskure mai asali, domin su kansu Turawan sun daɗe suna cuɗanya biyun farko.

A farkon ƙarni na 17, *disinterested* na ɗauke da ma'anar rashin damuwa da abu, ita kuwa *uninterested* a wannan ƙarni ana amfani da ita ga wanda ba shi da wata moriya ta kansa a cikin magana. Daga baya suka yi musayar gurbi. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya bayyana *disinterested* da ma'anar fifita gaskiya a kan amfanin kai. A ƙarni na 20 tsohuwar ma'anar ta sake yaɗuwa a bakin jama'a, masu gyaran harshe suka yi ta kiranta ɓarna, alhali kuwa ta girme su da shekaru ɗari uku.

Hausa ba ta da wannan ruɗani. Rashin damuwa shi ne halin ko-in-kula. Wanda ya yi hukunci ba tare da duban moriyarsa ba, shi ne marar son zuciya. Alƙalin da bai karkata ba kuwa adali ne, mai aiki ba sani ba sabo. Wannan ma'ana ta ƙarshe ta zauna a ƙasar Hausa ta hanyar fiƙihun Malikiyya tun kafin sojojin Lugga su ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Saboda haka ba daga Turanci Bahaushe ya koyi *impartial* ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne *neutral*, wadda ta fito daga kalmar Latin mai nufin "ba wannan ba, ba wancan ba". Bayan taron Belgrade na 1961, wanda ƙasashe 25 suka halarta, jaridu da gidajen rediyon Hausa suka raɗa wa ƙungiyar da ta ƙi bin Amurka ko Tarayyar Sobiyat suna "ƙasashe 'yan ba-ruwanmu". Nijeriya ta shiga cikinsu a taron Alƙahira na 1964. Sunan ya karɓu domin yana da daɗin faɗa, sai dai a ganina ya ɗan zalunci ƙungiyar: ƙasashen da suka yi ta yaƙi da mulkin mallaka da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ba za a ce babu ruwansu ba. Daga nan ne "ba ruwanmu" ta shiga ɗaukar nauyi biyu, na ƙin shiga ɓangare da kuma na ko-oho.

Wannan ya shafi manhaja kai tsaye. Idan littafin ilimin zaman ƙasa ya ce jami'in zaɓe ya zama ɗan ba-ruwanmu, yaro na iya fahimtar cewa aikinsa shi ne ya kau da kai idan ana maguɗi. Ya kamata darasin fassara na babbar sakandare ya jera kalmomin huɗu a cikin jimloli, kowace da takwararta, kuma malami ya tambayi ɗaliban Kwantagora yadda harsunansu na gida ke bambanta su kafin ya rubuta na Hausa a allo.